Ƙasar da Na Zubar a Jakara

Ni ne na yi laifi, ba matar ba. Na fara da wannan ne don kada in yi nisa cikin labari in soma yi wa kaina kwaskwarima, domin na san halina. Wata mata ta rasa mutuncinta a unguwarmu, wata tsohuwa ta rasa ƙawarta, duk saboda rabin buhun ƙasa da na ƙi kaiwa inda aka aike ni. Jiya da la'asar yarinyar maƙwabta ta ɗora kaskon awara a ƙofar gida, ƙamshin waken soya ya shigo har inda nake kwance, sai na kasa ci gaba da kwanciyar. Na tashi na zauna, na fita tsakar gida, na dawo, na sake fita. Duk lokacin da ƙamshin nan ya same ni haka nake yi. Yaran gidan nan sun ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne.

A Fagge aka haife ni. Kakanninmu daga Barno suka zo, sun daɗe har yaren ya bar bakin kowa in ban da Kaka, mahaifiyar babana, wadda ita ma sai ranta ya ɓaci take yin sa. Babana ɗan fatauci ne, ya fi daɗewa a hanya a kan zaman gida, saboda haka yayansa, Baffa, shi ke riƙe da mu. Baffa tela ne, mutum mai tsananin tsari, mai dorina rataye a bayan ƙofar ɗakinsa.

Sana'ar Kaka daddawa ce. In ka shigo gidanmu ba sai an nuna maka sashenta ba, hancinka zai kai ka. Kalwa ta wuni a tukunya tana tafasa, a surfa ta a turmi don ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa, sannan a zuba a ƙwarya a lulluɓe da ganye da tsummoki, a ajiye a ɗaki mai duhu har ta yi. Warin ya kama rigunanmu, ya kama jikinmu. Ranar da aka buɗe ƙwarya ba mai son zama kusa da ni. "Maigidana" Kaka take ce mini, irin wasan kaka da jika, amma maigidan nan shi ke ɗebo ruwa, shi ke hura wuta, shi ke ɗaukar kaya. Ban wuce shekara goma sha ɗaya ba, kuma ban iya zama wuri ɗaya ba. In aka aike ni kasuwar Kwari sai a tsince ni a bakin tasha ina kallon jirgin ƙasa yana huci.

Babbar mai sayen daddawar Kaka wata 'yar ƙabilar Ibo ce daga Sabon Gari. Madam kowa ke ce mata. Tana da rumfa a kasuwarsu, mijinta kuma ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana bin layin da ke gangarawa kudu ta Makurɗi. Doguwa ce, mai murya. In tana Hausa sai ta mai da namiji mace, ta mai da mace namiji, Kaka tana gyara mata tana dariya har da hawaye. Ita tana ce wa Kaka "Mama", Kaka tana ce mata "'yar nan". Ba ciniki kaɗai ne tsakaninsu ba. Sai su gama awo tun da hantsi, amma Madam ba za ta tashi ba sai an kira azahar. Suna zaune a tabarma ɗaya, Madam tana goga wa Kaka goro a magogi saboda haƙoranta sun ƙare, suna gulmar maza, suna gulmar farashin barkono. Ban taɓa ganin Kaka ta saki jiki da kowa haka ba, ko da 'ya'yan cikinta.

Shekarar da aka yi faɗan nan tsakanin mutanen gari da na Sabon Gari, shagon Baffa yana bakin iyaka, aka ƙone shi da keken ɗinkinsa a ciki. Ban san wa ya ƙone ba, shi ma bai sani ba. Amma daga ranar ya daina amsa gaisuwar Madam. Da abin ya lafa ta dawo da daronta a ka yadda ta saba, ta tsaya a zaure ta gaishe shi, ya kau da kai. Kaka ce ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Shigo, 'yar nan. Gidan ai nawa ne kafin ya zama nasa." Haka aka ci gaba. Baffa ba zai iya hana mahaifiyarsa ba, amma kowa a gidan ya san jira yake a ba shi dalili. Ni ma na sani. Ka riƙe wannan, domin ba zan so ka ce yaro ne bai san abin da yake yi ba.

A shekarun nan kalwa ta soma wuya. Kowa ya koma noman gyaɗa, ana ta sare ɗorawa, 'yar da ke shigowa daga ƙauye kuma masu sari sun tare ta tun a hanya. Sai Kaka ta yi kwanaki ba ta ɗora tukunya ba, tana zaune tana kallon murhu. Wata safiya Madam ta zo da ƙullin zane, ta kwance, sai ga wani wake ƙanana, zagayayye, launin ruwan ƙwai. Mijinta ya gan shi a ƙasar Tibi inda ake noma shi ana lodawa a jirgi, kuma ya ji labarin wasu matan kudancin Zariya suna daddawa da shi. Kaka ta tauna ƙwaya ɗaya da dasashi, ta tofar, ta ce wannan ba abin kirki ba ne. Amma ta gwada. Ya yi daddawa, kuma ya fi kalwa saurin dahuwa. Ranar ne na fara jin sunan waken soya.

Kaka tana da 'yar gayauna, wato ɗan filin da kakanmu ya bar mata, can bayan Rijiyar Lemo. Lokacin duk wajen gonaki ne da tsamiya. Suka shirya su biyu za su shuka waken a can, Kaka ta huta da jiran kalwa, Madam ta huta da dawowa da daro rabi. Daminar farko waken ya tsiro da kyau, ya tasa kaɗan, sannan ya tsaya cak. Ganyen ya yi rawaya kamar idon mai shawara. Gyaɗar maƙwabcinmu na gona tana nan kore shar, tamu shukar kuwa kamar an yi mata baki. Abin da aka girba bai kai abin da aka shuka ba.

Madam ba ta haƙura ba. Ta matsa wa mijinta ya tambayi manoman can, ya tambayo, ta kawo amsar wajen Kaka.

"Mama, sun ce waken nan baƙo ne a ƙasarku. Ba ya iya cin abinci sai da mutanensa."

"Wake ma da mutanensa?"

"Da su, Mama. Ƙanana, ido ba ya gani. Suna cikin ƙasar da ya saba. Sai an kawo ƙasar can an haɗa da irin."

Kaka ta yi dariya ta ce ta ji ana sayo gishiri daga nesa, ta ji ana sayo kanwa, amma ƙasa yau ta fara ji. Duk da haka ta ce a kawo.

Da bazara ta yi nisa, mijin Madam ya sauko daga jirgi da buhun ƙasa da ya ɗebo a wata gonar soya. Ta ajiye shi a ɗakinta a Sabon Gari, ta rufa masa jiƙaƙƙen buhu, domin an gargaɗe su cewa rana tana kashe abin da ke ciki. Da ruwan shuka ya sauka aka raba ƙasar biyu, saboda ba zan iya ɗaukar ta duka ba, aka ce za a yi shukar a safiya biyu.

Safiyar farko na ɗauko rabin a buhun gishiri. Madam tana bayana, ta buɗe lema a kaina. Ba don ni ba, don buhun. Haka muka ratsa Sabon Gari, muka ratsa Fagge, mutane suna tsayawa suna kallo, masu shayi suna nuna ni da baki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A gindin tsamiyar gona ta zuba irin a daro, ta yayyafa masa ruwa, ta zuba ƙasar tana cuɗawa da hannu har kowace ƙwaya ta yi baƙi. Tana cuɗawa tana rera wata waƙar cocinsu a hankali, kamar yadda matan gidanmu ke waƙa in suna daka. Muka shuka rabin gonar kafin rana ta ɗaga, kowane rami ana rufe shi nan take.

Safiya ta biyu Madam tana da kaya da za a sauke mata a kasuwa, ba za ta iya zuwa ba. Kaka ta riga ta ga yadda ake yi. Madam ta ɗora mini buhun a ka, ta riƙe kafaɗata ta ce, "Yarona, bi inuwa. Kada ki tsaya ko'ina." Na yi dariyar "ki" ɗin a raina, na kama hanya.

A bakin rafin Jakara na tarar da abokaina.

"Ga ɗan dakon Madam! Ranka ya daɗe, yau ina lemar?"

"Me ke cikin buhun?"

Na ce ƙasa ce.

"Ƙasa? Ta Kano ta ƙare ne?"

Suka kwashe da dariya, wani har da faɗuwa. Suka ce babban jirgin sama zai sauka da safen nan, su can suka nufa, bakin wayar filin jirgi. Wuyana yana ciwo, kunyar jiya ba ta sake ni ba, ƙafafuna kuma suna ƙaiƙayin tafiya. Na ce a raina ƙasa ai ƙasa ce. Na sauke buhun, na kwance bakinsa, na juye shi a ruwa. Har yau ina ganin ta. Baƙa ce, mai sanyi, tana ƙamshin ruwan farko. Ta faɗa a dunƙule, ruwan ya warware ta, ya tafi da ita. Na naɗe buhun a hammata na bi su a guje.

Jirgin ma ban tuna kamarsa ba. Da na dawo na tsaya a wani rami kusa da gona, na cika buhun da ƙasar wurin, na yayyafa mata ruwa don ta yi duhu. Idon Kaka ya soma yin yana, ba ta gani sosai. Ta sa hannu ta murza ta ce, "Ta yau ta fi yashi." Na ce ta ƙasan buhu ce. Ta cuɗa irin da ita, da bismillarta, muka shuka ɗaya rabin.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Kullum ina neman dalilin zuwa gonar, in na je kuma ina neman dalilin gudu. Da farko duk shukar iri ɗaya ce, na ce shi ke nan, na tsira. Amma da damina ta kankama, gonar ta rabu biyu kamar an ja layi da igiya. Ɓangaren safiyar farko ya yi kore har yana baƙi-baƙi, ganye ya rufe kunya, ba ka ganin ƙasa. Ɓangarena kuwa irin na bara ne, gajere, rawaya, kana ƙirga ganyensa. Mai wucewa a kan jaki ma sai ya ja linzami ya duba. Laifina ne a shimfiɗe a fili, da faɗinsa da tsawonsa, sai dai ba wanda ya iya karanta shi tukuna.

Ranar da Madam ta zo gani, ta yi tsalle a ɓangaren kore kamar yarinya. Ta tuge tushe ɗaya, ta kaɗe ƙasar, ta nuna mana saiwar. Duk jikinta wasu 'yan gudaji ne, kamar ƙwayar dawa, wasu sun kai ƙwayar wake. Ta fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja kamar ɗanyen nama.

"Mama, taɓa! Ga ɗakunansu. In cikin ya yi ja, suna aiki. Haka aka gaya wa maigida."

Kaka ta shafa saiwar da yatsu ta ce, "Irin na gyaɗa ne, sai dai sun fi girma."

Sannan Madam ta tsallaka ɓangarena ta tuge ɗaya. Saiwa fara fat, siririya, ba ko gudaji ɗaya. Ta tuge wani, haka. Ta tsaya da su a hannu tana juyawa.

"Iri ɗaya, ruwa ɗaya, buhu ɗaya. To me ya faru? Bari maigida ya dawo, zan tambaye shi ko wuri biyu ya ɗebo."

Kaka ta juyo inda nake. "Maigidana, buhun nan na biyu, kai tsaye ka kawo shi?"

Na ce, "Kai tsaye."

A hanyar gida lissafi nake ta yi. Mijin zai dawo ya ce wuri ɗaya ya ɗebo. Za a sake tambaya ta. Cikin yaran da suka gan ni a bakin Jakara akwai wanda tuni yake yi mini barazanar zai faɗa duk lokacin da muka yi faɗa. Maganar za ta kai kunnen Baffa, dorina za ta sauko daga bayan ƙofa. Dorina kawai, ka ji. Duka ne na yini ɗaya, wanda na sha irinsa ba adadi. Don in kauce masa na yi abin da na yi.

A makon ne ƙaramar 'yar Baffa ta kwanta da ƙarambau. Duk jikinta ƙuraje, tana kuka, tana zazzaɓi, Baffa ya kasa zuwa ɗinki. Na koma gona ni kaɗai, na tugo tushe ɗaya daga ɓangaren kore, na zaɓi wanda ya fi yawan gudaji, na kawo masa yana zaune a gefen tabarmarta yana yi mata fifita.

Na ce, "Baffa, dubi abin da ƙasar Madam ta fitar."

Na gaya masa an hana rana ta ga ƙasar. Na gaya masa na ji tana karanta wani abu a kai da yarensu. Duk wannan gaskiya ne da na karkatar. Sannan na ƙara ƙaryar da ba ta da tushe ko kaɗan, na ce wani yaron Sabon Gari ya gaya mini daga maƙabarta aka ɗebo ta. Baffa ya dubi saiwar, ya dubi hannun 'yarsa, ya sake duban saiwar. Ya fasa gudaji ɗaya, ya ga jan da ke ciki. Ya miƙe ya sa hula.

Kaka ta tare shi a tsakar gida. "Kai da ka girma a gonar gyaɗa, ba ka taɓa ganin wannan a saiwarta ba?"

"Gyaɗa ba a kawo mata ƙasa a buhu da lema ba, Inna."

Ya tafi da yaran shagonsa biyu, suka tuge ɓangaren kore kaf, lokacin yana fure, suka tara suka cinna masa wuta. Ɗanye ne, bai ci sosai ba, hayaƙi kawai ya yi ta yi. Ɓangarena, na rawaya, shi suka bari, wai shi ne mai tsarki.

Madam ba ta san abin da ya faru ba. Ta zo ranar da ta saba zuwa, da daronta, da goron Kaka a ƙulle. Baffa ya tare ta a ƙofar gida. Kafin ya gama magana mutane sun taru, domin labarin ya riga ya zaga unguwa, kuma unguwar ba ta huce daga wancan faɗan ba. Wani ya ce mayya. Wani yaro ya yi jifa, dutsen ya sami daron ya yi ƙara. Ita kuwa sai ɗaga murya take ta saman katanga tana kira, "Mama! Mama!" Kaka ta taso da sandarta har zaure. Baffa ya juyo ya ce mata, "Inna, in matar nan ta sake shigowa gidan nan, ni zan fita da 'ya'yana." Kaka ta tsaya. Ta faɗi wata magana da Barbarci da ba wanda ya gane, sannan ta zauna a ƙasa a nan cikin zauren.

Idon Madam ya faɗo kaina ina raɓe a jikin bango.

"Yarona! Kai ka ɗauka. Faɗa musu ƙasar gona ce. Faɗa musu!"

Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata har ta tafi.

Bayan 'yan kwanaki ƙurajen yarinyar suka bushe, kamar yadda ƙarambau ke yi wa kowane yaro, ta tashi tana wasa. Unguwa ta ce ka gani, da aka ƙone abin ai ga shi ta warke. Har yaba mini aka yi, wai yaro mai lura. Dattijai suna shafa kaina. Yaron da ke yi mini barazana ma ya yi shiru, don ya ga maganar ta fi ƙarfinsa.

Kaka ba ta sake tambaya ta komai ba. Abu ɗaya ne ya canja: ta daina ce mini maigidana, ta koma kirana da sunana na yanka. Daddawa ta ci gaba da yi jefi-jefi in an sami kalwa, daga baya ta kife tukwanen. Da hantsi, lokacin da Madam ta saba zuwa, sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna a gefe ɗaya, ta bar ɗaya gefen. Goro kuma ta daina ci, ta ce ba ya mata daɗi. Ni da zan iya goga mata, ban iya zama kusa da ita ba. Na shiga koyon ɗinki a wajen Baffa. In aka aike ni sayen zare a Sabon Gari sai in yi dogon zagaye don kada in bi layin masu kayan miya. Sau da yawa na tsaya a ƙofar ɗakin Kaka da maganar a bakina, sai in tambaye ta ko tana son ruwa.

Yanzu duniya ta canja. Inda gayaunar take, shaguna ne da gidajen siminti, ba zan iya nuna maka gindin tsamiyar ba. Waken da aka kira maita a ƙofar gidanmu, yau kowane lungu a Fagge ana suyar awararsa, ana dama kununsa, ana daddawarsa. Jikana yana noma shi a ƙauye. Bana ya zo da wani baƙin gari a 'yar leda, ya zauna a inuwa yana cuɗa shi da iri da ruwan ƙaro. Ya yi mini bayani cewa wasu ƙananan halittu ne a ciki, su ke shiga saiwa su yi gudajin nan, su riƙa jawo wa shuka abinci daga iska, irin abincin da ake saye a buhun takin zamani, har su bar saura a ƙasa don shukar baɗi. Ya ce kowane irin wake da nasa, shi ya sa na gyaɗa ba lalle su yi wa soya aiki ba. Ya ce mini, "Amma fa kada rana ta taɓa shi." Na ce na sani. Ya yi dariya ya ce ina na sani. Na tashi na bar masa wurin.

Kaka ta rasu ana gab da samun 'yancin kai, ni kuma na zama saurayi da keken ɗinkina. Ban gaya mata ba. Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai na hango Madam a tsallaken hanya. Ta ɗaura baƙin ɗankwali, ta rame. Ba ta tsallako ba. Ta tsaya tana kallon ƙofar zauren, ta daɗe, sannan ta juya. Na miƙe ba tare da na nemi takalmina ba, na bi ta. Ban cim mata ba sai a bakin kasuwarsu, inda ake sauke doya.

Ba ta gane ni ba sai da na faɗi ko ni jikan wane ne. Na gaya mata duka a tsaye, cikin hayaniyar 'yan dako: buhun, da Jakara, da ramin da na ɗebi yashi, da abin da na gaya wa Baffa. Na zaci za ta ce ta daɗe da sani. Ashe ba ta sani ba. Ta riƙe baki da hannu.

"Kai ne? Shekara da shekaru ina zagin mijina! Ina ce masa rago, ya cika rabin buhu da yashin bakin tasha. Yana rantsuwa, ina ce masa maƙaryaci!"

Ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta tsaya a tsakiya.

"Mama fa? Ka gaya mata?"

Na ce a'a.

"To wannan ba hannuna yake ba." Ta share ido da gefen zane. "Amma zo. Ba a titi za ka faɗa ba. Akwai mai haƙƙi a gida."

Ta sa ni a gaba har gidansu, wanda rabona da shi tun safiyar da ta ɗora mini buhu a ka. Mijin yana zaune a kan benci a tsakar gida, ya yi furfura, yana gyara fitila. Ta yi masa magana da yarensu, ya ajiye fitilar a hankali, ya dube ni. Maƙwabtansu suka leƙo daga ɗakuna. Na cire hulata, na durƙusa a gabansu da ƙafafuna ba takalmi, na ce:

"Baba, ƙasar da ka ɗebo mai kyau ce, duk buhun. Ni na zubar da rabi a ruwa. Madam, ba ki yi wa kowa asiri ba, ni na ƙaga don tsoron bulala. Kin kira ni in faɗi gaskiya a gaban mutane, na yi shiru. Gobe in an taru a ƙofar gidanmu zan faɗa a gaban Baffa da duk wanda ke wurin. Na cuce ku, na cuci tsohuwar da ta tafi. Don girman Allah ku yafe mini."